Umma ta ce ta gaji da kemo, za ta warkar da kanta da ƙarfin zuciya

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata mai shekara 54 tana fama da kansar mama. Likita ya tsara mata kemo, wato maganin kansa da ake sawa ta jijiya, sau shida, duk bayan mako uku, kafin a yi mata aiki. Ta karɓi uku. A zuwa na uku, muna dosar ƙofar asibiti amai ya taso mata tun ba a sa mata komai ba. Yanzu wata ƙawarta ta turo mata bidiyo a WhatsApp, ana cewa in mutum ya cire tsoro, ya riƙa rufe ido yana ganin sojojin jikinsa suna cinye cutar, zai warke ba sai ya sha wahalar magani ba. Umma ta ce ita hakan za ta yi, ta gaji. Yayana kuma kullum cikin yi mata faɗa yake in ta yi kuka, wai kukan ne ke ciyar da ciwon. Na rasa inda zan sa kaina. Akwai gaskiya a maganar nan? Saura kwana goma sha biyu mu koma. Daga 'yar Umma, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Umma lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya saka miki da alheri a kan jinya.

A bidiyon nan akwai gaskiya 'yar kaɗan, ita aka lulluɓe babbar ƙarya da ita. Kwantar da jiki da suranta abu a zuci suna rage tashin zuciya, fargaba, rashin barci da raɗaɗi. Ba sa narkar da ƙari. Aikinsu ga Umma shi ne su taimaka mata ta iya zama a karɓi kemo ukun da suka rage. In aka ɗauke su aka sa a gurbin kemo, an cuce ta.

Dabarar ganin sojojin jiki ba sabuwa ba ce. Wani likita mai gasa cutar kansa da na'ura a Amurka, Carl Simonton, shi ya yayata ta a shekarun 1970, yana sa marasa lafiyarsa su rufe ido su suranta fararen ƙwayoyin jini suna far wa cutar. Ko shi bai ce a bar asibiti ba. Mutanensa suna karɓar magani suna kuma yin wannan. Daga baya an gwada abin gwaji na ƙa'ida. A 1999 aka wallafa binciken da aka yi a birnin Aberdeen na Birtaniya a kan mata 96 da halinsu ya yi daidai da na Umma: kemo sau shida kafin aiki. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, duka suna karɓar kemo, amma gida ɗaya aka koya musu sassauta jiki da suranta garkuwar jiki tana hallaka cutar. Waɗanda aka koya wa sun fi samun natsuwa da jin daɗin rayuwa. Da aka duba ƙarin kansa, gidajen biyu ba su bambanta ba.

Akwai wani bincike da masu irin wannan bidiyo ke yawan jawowa. A 1989 David Spiegel na Jami'ar Stanford ya ba da rahoton mata 86 da kansar mama ta riga ta bazu a jikinsu, inda waɗanda ke zaman rarrashin juna duk mako suka rayu kusan ninki biyu na sauran. Labarin ya zaga duniya. Sai dai da aka maimaita shi a Kanada da mata 235, sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna raɗaɗi da damuwa sun ragu, amma tsawon rai bai ƙaru ba. Spiegel da kansa ya sake gwadawa, a 2007 ya ba da rahoton bai sami abin da ya samu da farko ba. Wannan kashi na labarin ba ya shiga bidiyo.

Illar barin magani kuwa an auna ta. Masu bincike na Jami'ar Yale sun ruwaito a 2018 cewa masu kansar da ba ta bazu ba, waɗanda suka bar maganin asibiti suka riƙe wasu hanyoyi kaɗai, haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau biyu da rabi. A kansar mama ya haura ninki biyar. Ko jinkiri kawai yana da farashi: wani babban nazari na 2020 ya gano cewa kowane mako huɗu na jinkirta magani yana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari, gwargwadon irin cutar da irin maganin. In likita ne ya ɗage kemo da mako ɗaya don jini ya yi ƙasa, wannan daban, da lissafinsa.

Sai maganar Yaya. Ba mu shakkar ƙauna ce ta sa shi, amma kuskure yake yi, kuma kuskuren mai cutarwa ne. Kuka ba ya ciyar da kansa. A 2002 an tattara bincike sama da ashirin a kan ko jarumta ko karaya na sauya tsawon ran mai kansa, ba a sami hujja tsayayya ba. A 2007 an bibiyi mutum 1,093 masu kansar kai da wuya, halin zuciyarsu bai nuna wa zai daɗe wa ba zai daɗe ba. Abin da hana kuka ke haifarwa biyu ne. Mara lafiya takan koma ɓoye abin da take ji don kada a ce ta karaya, har da alamun da ya kamata likita ya sani. Kuma in aka yi hoto aka ga ƙarin bai ragu yadda ake so ba, sai ta ɗora wa kanta laifi, ta ce raunin zuciyarta ne ko raunin imaninta. Ki tuna wa Yaya cewa Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, yana cewa ga Allah kaɗai yake kai kukansa, ba a kuwa ce ya rasa haƙuri ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. In Umma ta fara kuka, ya zauna kusa da ita ya yi shiru, ko ya ce, "Sannu Umma, na san da wuya." Ya wadatar.

Yanzu ga ainihin abin da muke ganin ya kore ta daga asibiti, wato aman bakin ƙofa. Wannan abu sananne ne: tashin zuciya tun kafin a sa magani yana samun kusan mutum ɗaya cikin uku ko huɗu masu karɓar kemo, wasunsu har su yi amai, galibi daga zuwa na uku ko na huɗu. Ba raki ba ne, ba kuma alama ce ta cewa jikinta ya ƙi maganin ba. Ki ce wa mutum ya tuna yana tsotsar tsamiya, yawunsa zai tsinke ko da babu tsamiya a kusa. Haka ƙwaƙwalwar Umma ta haɗa ƙofar asibiti, warin sifirit da ganin ledar ƙarin ruwa da aman da ya biyo bayansu sau biyu, yanzu ganinsu kaɗai ya isa. Tunda koyo jiki ya yi, ana iya warware masa koyon, kuma a nan ne suranta abu a zuci ke da aiki na gaske.

Amma magani tukuna. Kada ki jira ranar komawa. Ki kira sashen da ake ba ta kemo, ko ki je, ki faɗa musu abu biyu: tana amai tun kafin a sa magani, kuma tana maganar dainawa. Ki kai musu lissafin kwana nawa ta yi tana amai bayan kowane zuwa, da sau nawa a rana. Mafi yawan masu aman bakin ƙofa, aman bayan kemo ne ba a tare musu da kyau ba. Likita na iya ƙarfafa haɗin maganin amai, irin su ondansetron da dexamethasone, wani lokaci a ƙara olanzapine, kuma yana iya rubuta lorazepam a sha daren jajibiri da safiyar ranar. Wannan na ƙarshe yana sa barci da jiri, sai da takardar likita, ba na saye a kemis ba ne. Kuskuren da ake yawan yi a gida shi ne ajiye maganin amai sai zuciya ta tashi. A sha shi kan lokacin da aka rubuta, ko tana jin garau. Ondansetron yana ɗaure ciki, dexamethasone yana hana barci, yana sa saurin fushi, yana ɗaga sukari. In kin ga waɗannan ki faɗa, kada ki ɗauka halin Umma ne ya sauya.

Kwana goma sha biyun nan sun isa a koyi atisayen sassauta jiki da suranta abu a zuci. A riƙa yi sau biyu a rana, minti 15 zuwa 20, a lokacin da jikinta ya fi daɗi, misali bayan sallar walaha da bayan isha'i. A rufe ƙofa, a kashe ƙarar waya, a hana jikoki shigowa. Ƙa'ida mafi muhimmanci: kada a koya mata lokacin da zuciyarta ke tashi, kuma kada ranar kemo ta zama ranar farko. In aka yi haka atisayen ma zai shiga jerin abubuwan da ke tuna mata amai.

Kwana uku ko huɗu na farko numfashi ne da sassauta jiki kawai. Ta kishingiɗa, hannu ɗaya a kan ciki. Ta ja numfashi ta hanci tana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, cikin ya taso ba ƙirji ba, ta sake shi a hankali ta baki tana ƙirga ɗaya zuwa shida. Tsawon fitarwar ne ke saukar da bugun zuciya. Minti biyar ya isa. In ta ji jiri ko yatsu na tsitstsira, tana ja da ƙarfi ne fiye da kima, ta rage. Dattawa da yawa ƙirga na gundurarsu. Ta maye gurbinsa da zikiri a zuci, gajere wajen ja, mai ɗan tsawo wajen saki. Daga nan ta bi gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya: ta dunƙule hannu daƙiƙa biyar, ta sake daƙiƙa ashirin tana lura da bambancin, ta ɗaga kafaɗu zuwa kunne ta sake, ta yamutsa fuska ta sake, sai cinyoyi, sai ƙafafu. Rabin ƙarfinta za ta sa, in ba haka ba tsoka na iya ɗaurewa. A tsallake duk inda ke ciwo, da hannun da kanula, wato 'yar robar da ake sawa a jijiya, ke ciki, da ɓangaren da aka yi wa aiki in lokacin ya zo. In likita ya taɓa cewa cutar ta taɓa ƙashi, a bar matsewar gaba ɗaya, a tsaya a numfashi.

Bayan jiki ya saba sai a shigo da hoton zuci. Ita za ta zaɓi wurin, ba ke ba, kuma wurin da ta taɓa zama da gaske ya fi wanda aka ƙirƙira kama zuciya: inuwar darbejiya a tsakar gidan da ta tashi, bakin gulbi da yamma, ko harabar masallacin Madina in ta je. Ki bi ta da tambayoyi a hankali, kina barin shiru tsakani. Me take gani a damanta? Wace ƙara ke zuwa daga nesa? Ƙasar da ta taka sanyi gare ta ko ɗumi? Iska ta ina take busowa? Ki rubuta amsoshinta, ki karanta su da murya ƙasa-ƙasa ki naɗa a waya, minti goma, don ta riƙa saurara da abin kunne ko ba kya nan. Kada a sa abinci ko ƙamshi mai ƙarfi a cikin hoton.

Abubuwa uku sukan ɓata wannan mataki. Wasu mutane ba sa ganin hoto a zuci ko kaɗan, haka Allah Ya yi su. Su riƙe sauti da abin da fata ke ji, aikin ɗaya ne. Wasu wurin da suka zaɓa cike yake da waɗanda suka rasu, sai natsuwa ta koma kuka. A bar ta ta yi kukan, gobe a zaɓi wani wuri. Wanda kuma ya taɓa ganin tashin hankali, hari ko mummunan haɗari, rufe ido na iya dawo masa da shi. Irin wannan ya bar ido a buɗe ya kafa shi a abu ɗaya, in abin ya ci gaba a dakatar a gaya wa likita. Tunani ya kauce zuwa kuɗin magani ko auren da ba a yi ba tukuna, wannan ba matsala ba ce, kowa na yi. Ta dawo da shi ba tare da tsangwamar kai ba.

Hoton sojojin fa? In yana mata daɗi ta yi, ba ya cutarwa muddin ta san ba shi ne maganin ba. Mu dai mun fi son wani a halin da take ciki: ta suranta maganin yana shiga jijiya, yana bin jini, yana isa ƙarin yana aikinsa. Dalili, a yanzu kallon guba take yi wa kemo, kuma wannan kallon muke son sauyawa. Hoton yaƙi yana da wani aibi ma, ranar da sakamako ya zo ba daɗi sai ta ji an ci ta da yaƙi saboda gazawarta.

Kwana biyar ko shida na ƙarshe na tsani ne. Ku zauna ku jera abubuwa takwas zuwa goma da ke tayar mata da zuciya, daga mafi sauƙi zuwa mafi tsanani: ganin katin asibiti, sa mayafin fita, shiga mota, hango ƙofa, zama a layi, warin sifirit, ɗaura hannu don neman jijiya, ganin ledar magani. Ta fara sassauta jiki har ta natsu, sannan ta suranta mataki na farko daƙiƙa ashirin zuwa talatin. Da zuciya ta fara motsi ta ɗaga yatsa, ki mayar da ita wurin natsuwarta minti ɗaya ko biyu, a sake. Ba a hawa mataki na gaba sai ta yi na ƙasa sau biyu a jere lafiya lau. Mataki biyu ko uku a zama ɗaya sun isa. Gaggawa ce ke lalata wannan aiki. In aka tura ta sama tana jin amai, an ƙara ƙulla abin da ake son kwancewa. In asibitinku na da masanin halayyar ɗan'adam, ku nemi ya jagoranci wannan sashe, ya fi.

Ranar kemo ta ci abu mara nauyi, mara maiƙo, awa ɗaya ko biyu kafin a fara, kuma kada ya zama abincin da ta fi so, don jiki na iya tsanarsa daga ranar. Haka turarenta da humrarta, a bar su a gida. Ku jira a waje inda iska ke kaɗawa sai an kira ku. Ta sa abin kunne tun kafin a nemi jijiya, ta juya fuska daga ledar. In cikin magungunanta akwai jan nan, doxorubicin, fitsari zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, launin maganin ne. Amma in ta ji zafi ko ƙuna a wurin kanula lokacin da magani ke shiga, ta yi magana nan take. Wannan ba abin daurewa da numfashi ba ne, alama ce maganin na iya zubowa wajen jijiya.

Addu'a da tofi ba su da karo da komai a nan. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa mai jin ciwo ya ɗora hannu a wurin, ya yi Bismillah sau uku, ya nemi tsarin Allah da ikonSa daga sharrin abin da yake ji sau bakwai. Shi kuma wanda ya koyar da wannan shi ya ce ku nemi magani. Abin da muke jan kunne a kai shi ne duk wani jiƙo ko garin magani da za a haɗiya, a nuna wa likita tukuna, don wasu na wahalar da hanta da ƙoda a lokacin da kemo ke bi ta cikinsu. Kada kuma a shafa komai mai ci a kan maman.

Da lissafin da kika bayar, Umma tana cikin kwanakin da ƙwayoyin jini masu kare jiki suka fi yin ƙasa, wato kwana na 7 zuwa na 14 bayan kemo. Ki sayi ma'aunin zafin jiki in babu. Zafi ya kai 38, ko rawar sanyi, asibiti ne a daren, ba a jiran safiya. Kada a ce maleriya ce a sayo magani a kemis, kada a ba ta paracetamol a rufe zazzaɓin kafin a auna. Haka in amai ya hana ruwa zama a cikinta yini guda, ko jini na fita, ko numfashi na sarƙewa, ko ta rikice, ko sabon ciwon baya ya zo da raunin ƙafafu. Babu atisayen da ke maganin waɗannan.

Abu biyu kuma za ki bincika a hankali, ke da ita kaɗai. Na farko kuɗi. Iyaye da yawa da ke cewa sun gaji, lissafin abin da 'ya'yansu ke kashewa suke yi, bidiyon ya ba su mafita ce mai mutunci. Ki tambaye ta kai tsaye. In haka ne, ki je ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, ki tambayi tallafin da ke akwai, har da asusun gwamnatin tarayya na masu kansa da ke aiki a wasu asibitocin koyarwa, wanda kansar mama na cikin cututtukan da ya ƙunsa. Na biyu ciwon damuwa. Ki riƙa tambayarta duk mako, daga sifili zuwa goma, damuwarta ta kai nawa. Huɗu zuwa sama a faɗa wa likita. In ta yi mako biyu ba abin da ke faranta mata, ta daina son ganin mutane, tana cewa ta zame muku kaya ko gara ta mutu, wannan cuta ce mai magani, kuma masu ita sukan fi saurin barin jinya a tsakiya. Bidiyo da rarrashi ba sa isa, sai an ga likitan ƙwaƙwalwa.

Wajen yi mata magana, kada ki ƙaryata ƙawarta a gabanta, kada kuma ku taru ku yi mata ca. Ki ce, "Umma, abin nan da aka turo miki za mu yi shi tare, kullum sau biyu, amma mu je ki faɗa wa likita wahalar da kike sha, ya gyara maganin aman." Ki roƙi likita ya auna ƙarin a gabanta ya kwatanta da awon farko, in ya ragu, ta ji da kunnenta. Ki kuma tambaye shi a gabanta me ake sa ran kemon zai yi, me zai faru in aka tsaya a uku, da ko akwai sauyin da za a iya yi wa haɗin ko yawan maganin in wahalar ta yi yawa. Ki je da takarda da biro, ki rubuta amsoshin, ki karɓi lambar da za a kira in zazzaɓi ya taso da dare.